Kwamfutar Gida Ta Ƙi Tashi? A Dakata da Cewa Ta Mutu

 

A gidaje da yawa kwamfuta ɗaya ce tal, kuma kowa yana da kaya a cikinta. Baba yana da lissafin shago, Yaya yana da aikin kammala digiri da ya shafe watanni yana bugawa, hotunan biki da na suna duk suna ciki, ku kuma a nan kuke gwajin tambayoyin JAMB, tunda yanzu da kwamfuta ake rubuta jarrabawar. Ranar da aka danna makunni ta yi shiru, abu biyu ke biyo baya. Da farko a nemi wanda ya taɓa ta a ƙarshe, kuma galibi ɗan sakandaren gidan ne ke shan faɗa. Daga nan a ce ta mutu, a kinkime ta sai shagon mai gyara.

Faɗan dai ba ni da maganinsa. Amma maganar mutuwa, wannan kam da sauran bincike. Cewa kwamfuta ta ƙi tashi kamar mutum ne ya je asibiti ya ce wa likita ba ni da lafiya. Likita zai tambaya: ina ke ciwo, tun yaushe, me ka ci? Ita ma kwamfuta tashinta tafiya ce mai zango-zango. Sai wuta ta shiga jikinta. Sai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a babban allonta, wadda ake kira BIOS, ko UEFI a sababbin kwamfutoci, ta farka ta duba ko muhimman sassa suna nan lafiya. Sai ta nemi rumbun ajiya inda Windows yake. A ƙarshe Windows ya karɓi ragama har ku ga hoton da kuka saba gani. Aikinku shi ne ku gano a wane zango tafiyar ta tsaya, kuma idanu da kunnuwa da hanci sun isa yin mafi yawan wannan aiki.

Idan ta yi shiru ƙus

Kun danna makunni, babu fitilar da ta kama, babu fankar da ta motsa. Wannan shi ya fi tayar da hankali, amma sau da yawa shi ya fi arhar magani, domin matsalar tana iya kasancewa ba ma a cikin kwamfutar take ba.

Ku fara daga bango. Ku jona cajar waya ko fitila a soket ɗin ku ga ko akwai wuta. Idan ta ekstenshan ake bi, ku cire shi ku jona kwamfutar kai tsaye. Ekstenshan mai araha yakan saki daga ciki alhali fitilarsa tana nan tana ci. Ku bi wayar wutar har bayan akwatin kwamfutar ku tura ta ta zauna daram, don mai shara ma yana iya sassauta ta da tsintsiya bai sani ba. A nan bayan, kusa da inda wayar ke shiga, wasu kwamfutocin tebur suna da ɗan makunni mai alamar 0 da 1. Idan yana kan 0, ko kwana kuka yi kuna danna makunnin gaba ba za ta amsa ba. Sannan filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi yana da fis a cikinsa, kuma fis yakan tsinke. Hanya mafi sauƙi ita ce ku ari wayar wutar monita ku gwada, don galibi bakinsu ɗaya ne.

Akwai kuma ranar da wuta ta zo amma ba ƙarfi, ƙwan lantarki ya yi ja, fankar sama tana juyi kamar mai jin barci. A irin wannan rana kwamfutar tebur takan ƙi tashi, ko ta tashi ta mutu, ta sake tashi. Ba lalacewa ta yi ba, abinci ne bai ishe ta ba. Ku cire ta daga wuta ku jira. Haka nan kada ku bar ta a jone lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, ko a daidai lokacin da aka dawo da wuta, domin tsallen wuta na wannan ɗan lokaci yana cikin abubuwan da suka fi ƙona kayan lantarki.

Ga wani abu da nake so ku riƙe da kyau, musamman masu sayen kwamfuta ta hannu da aka shigo da ita daga waje. Wutar gida a Najeriya tana kan bolt 230 ne, ta Amurka kuwa 120. Wasu tsofaffin kwamfutocin tebur suna da wani ɗan jan maɓalli a baya, wanda ake turawa gefe, da lamba 115 a ɗaya ɓangaren da 230 a ɗayan. A nan ƙasar dole ya kasance a kan 230. Wanda ya tura shi zuwa 115 don gwaji, ya kuma jona, zai ji ƙara, ya ga hayaƙi, shi ke nan akwatin wutar ya tafi. Na ambace shi ne don yara masu ƙiriniya suna son duk wani abu ja da ake iya turawa.

Shi wannan akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango ya mai da ita ƙananan ma'auni uku da sassan ciki ke buƙata: bolt 12, da 5, da 3.3. Iyakarku da shi ita ce waje. Kada ku kwance shi, ko da kun ga ana yi a bidiyo. Akwai sassa a cikinsa da ke riƙe wuta bayan an cire shi daga bango, kuma suna iya yi wa mutum mummunan lahani. Idan kun sunsuna bayansa kun ji ƙaurin ƙuna, ku cire waya, bincikenku ya ƙare. Abin farin ciki, ana sauya shi shi kaɗai, kuma galibi kayan da ke cikin rumbu ba abin da ya same su.

Idan laftof ce, mai laifin farko caja ce. Ku duba ko fitilar caji ta kama, ku shafa wayar tun daga kai har ƙarshe ko ta karye a wani wuri, musamman wajen wuyan da ke shiga jikin kwamfutar. A jikin kowace caja an rubuta ƙarfin wutar da take fitarwa. Yawancin na HP da Dell 19.5 ne, na Lenovo da dama 20. Don bakin cajar maƙwabci ya shiga ramin taku ba ya nufin ta dace da ita, sai kun gwada lambobin da abin da ke rubuce a ƙasan laftof ɗin. Akwai kuma wata dabara da ba ta cin ko sisi: ku cire caja, ku cire batir idan mai fita ne, ku danne makunni ku riƙe kamar daƙiƙa 30, sannan ku jona caja kaɗai ku kunna. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a ciki, kuma yakan tayar da laftof ɗin da aka riga aka yanke wa ƙauna. Amma idan kun ga ƙasanta ya kumbura, ko wurin shafa yatsa ya ɗago, batir ne ya kumbura. Kada ku matsa shi, kada ku huda shi, kada ku sake yi masa caji, don yana iya kamawa da wuta.

Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin

To, an wuce zangon farko. Wuta ta shiga, fitila ta kama, kuna jin fanka, amma ba a ganin komai.

Ku fara da monita, don ita ma na'ura ce mai wutarta da makunninta. Idan ta rubuta “No signal”, lafiyarta ƙalau, saƙo ne bai iso mata ba. Ku duba wayar hoto, ko shuɗiyar nan mai kusoshi biyu ce ko HDMI, ku cire ku mayar a duka ɓangarorin. Idan bayan kwamfutar yana da wurin jona monita sama da ƙasa, ku gwada ɗayan. Idan akwai talabijin mai ramin HDMI a gida, ku jona da shi ku gani. A laftof kuwa ku haska tocila a jikin allon ku karkata kai. In kun hango hoto dishi-dishi, kwamfutar tana aiki, hasken bayan allo ne ya mutu. Ku kuma danna Caps Lock. Idan 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa yadda kuke dannawa, alama ce kwamfutar tana raye, allo ne abin zargi.

Idan duk ba wannan ba, sai a kasa kunne. Tun kwamfutar IBM ta 1981 aka saba cewa idan gwajin farko ya tafi daidai, za ta yi ƙara ɗaya gajera. Idan wani sashe ya ƙi amsawa, sai ta yi ta ƙara da wani tsari, dogo da gajere, ko sau kaza a jere. Magana ce take yi. Sai dai kowane kamfani da yarensa, ƙara uku a wannan ba lallai ta zama ƙara uku a wancan ba. Don haka ku ƙirga, ku rubuta, sannan ku nemi ma'anar a waya tare da sunan kamfanin da lambar samfurin. Kwamfutoci da yawa na yanzu ba su da wannan 'yar lasifika, sai su yi amfani da ƙyaftawar fitila, wani lokaci ta makunni, wani lokaci ta Caps Lock. Ita ma a ƙirga ta.

A irin wannan hali, wanda aka fi kamawa da laifi shi ne ram, wato 'yan siraran allunan nan da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kai na ɗan lokaci. Ba lallai ya lalace ba. Jijjiga a kan babur, ko ƙura, ko zafi da sanyi, suna sa ya ɗan saki daga mazauninsa, kuma kwamfuta ba ta iya ko taku ɗaya ba tare da shi ba. Mu da muke shan hunturu mun san inda ƙura ke shiga. Idan tana iya shiga cikin akwatin tufafi a rufe, ina ga na'urar da ke da fanka tana zuƙo iska duk yini?

Gyaran nan ɗalibi mai natsuwa zai iya yi a kwamfutar tebur, amma da sharaɗi. Ku nemi izinin mai kwamfutar tukuna, kuma idan sabuwa ce da sauran garanti, kada ku buɗe. Ku cire wayar wuta daga bango gaba ɗaya, ku danna makunni sau ɗaya don ragowar wuta ta fita. Kafin ku taɓa komai a ciki ku dafa ƙarfen akwatin. Kun san tartsatsin nan da kan ɗan ja ku lokacin sanyi idan kun taɓa ƙofar mota ko kun tuɓe rigar sanyi? A wurinku abin dariya ne, amma ya isa ya kashe sashen kwamfuta, kuma busasshiyar iskar hunturu ce lokacinsa. Ku buɗe maƙallan da ke gefe da gefen ram ɗin, zai ɗago da kansa. Ku riƙe shi ta gefe, kada ku taɓa haƙoransa masu ruwan zinare. Idan sun dushe, ku goge su a hankali da abin goge fensir mai tsabta, ku kakkaɓe ɓurɓushin. Wajen mayarwa ku lura da 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran. Ba a tsakiya take ba, saboda haka fuska ɗaya kawai yake shiga. Ku danna har maƙallan su rufe da kansu. Idan ya ƙi, ku juya shi, kada ku sa ƙarfi. In ram biyu ne, ku gwada su ɗaya bayan ɗaya, don idan ɗaya ya lalace yakan hana ɗan'uwansa aiki.

Tunda kun buɗe, ku dubi fankar da ke tsakiyar babban allo. Idan ƙura ta yi mata bargo, ku share da busasshen buroshi mai laushi. Ban da ruwa, ban da hurawa da baki. Kwamfutar da ke tashi ta yi ɗan lokaci ta mutu da kanta, sau da yawa zafi ne ya yi mata yawa ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Ta yi rubutu ta tsaya

Wannan labari ne mai daɗi, ko da bai yi kama da shi ba. Allo na aiki, ram na aiki, kwamfutar ma har tana gaya muku damuwarta. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutane ke kashe ta da sauri ba su karanta ba, sai a tambaye su me ta rubuta su ce wani Turanci ne dai. Ku ɗauki hoton rubutun da waya kafin komai.

Idan ta ambaci kwanan wata ko CMOS, tana cewa a danna F1, kuma agogonta kullum yana komawa shekarun baya, ɗan batirin babban allo ne ya ƙare. Faifai ne kamar kwabo, lambarsa CR2032, bolt 3 yake bayarwa, irin wanda ake sa wa rimot ɗin makullin mota. Lambar ma bayani ce: faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2. Masu gyaran agogo suna sayar da shi.

Idan kuwa ta rubuta “No bootable device” ko “Operating system not found”, tana nufin ta nemi Windows ba ta gan shi ba. Ku duba ko wani ya bar filash ko katin waya a jiki, don wata kwamfutar takan fara leƙa can, in ba ta samu komai ba ta tsaya. Ku cire duk abin da ke jone ban da kibod da maus, ku sake kunnawa. In ba ta canja ba, ku shiga BIOS da zarar kun kunna, ta hanyar danna F2 a Dell, ko F10 a HP, ko Delete a yawancin kwamfutocin da aka harhaɗa. Abu ɗaya za ku duba: shin sunan rumbun ajiya ya fito? Idan ya fito, da sauran fata sosai. Idan bai fito ba, ko wayarsa ta saki ko shi kansa ya samu matsala. Ku fita ba tare da sauya abin da ba ku gane ba.

A nan ma kunne yana da aiki. Tsohon samfurin rumbu, wato had-disk, faifai ne a ciki da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a kansa. Idan kun ji yana ƙas, ƙas, ƙas a jere, ku kashe nan take. Duk kunnawar da kuka ƙara tana iya ƙara karce faifan, kuma abin da aka karce ya tafi. Dukan gefen akwati, wanda wasu suka gada daga zamanin tsohuwar talabijin, shi ne mafi munin abin da za a yi masa.

Saura zango na ƙarshe: tambarin Windows ya fito, ɗigo-ɗigon nan suna ta zagaye ba iyaka, ko shuɗin allo ya bayyana ta sake farawa. Wannan yakan biyo bayan ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta Windows, ko wata manhaja da aka saka. Idan da rubutun cewa ana sabuntawa, ku ba ta lokaci, ko da awa guda ne. In kuwa ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, Windows 10 da 11 sukan buɗe shafin gyara da kansu. Ku shiga “Advanced options” ku gwada “Startup Repair”. Akwai “System Restore”, mai mai da saituna yadda suke kwanakin baya ba tare da taɓa takardunku da hotunanku ba, akwai kuma “Safe Mode”, inda Windows ke tashi da 'yan kaya kaɗan don ku samu ku cire abin da ya jawo rikicin. Wurin da za ku taka a hankali shi ne “Reset this PC”, domin a cikinsa akwai “Remove everything”, kuma abin da ya faɗa shi yake aikatawa.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da na fi so ku ji tsoro, wato fomatin. Akwai masu gyara na ƙwarai, amma akwai waɗanda fomatin ne amsarsu ga kowace tambaya, don shi ya fi sauri: a share rumbu, a zuba sabon Windows, kwamfuta ta tashi fes, a karɓi kuɗi. Sai an dawo gida a tarar aikin Yaya da lissafin Baba babu su. Alhali ƙin tashin Windows ba ya nufin fayiloli sun ɓace. Galibi suna nan kwance a rumbu, ƙofar shiga ce ta cije. Ana iya tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Ubuntu, ba tare da an girka shi ba, a kwashe kayan zuwa wani wuri. Ana iya kuma ciro rumbun a sa shi a ɗan gidansa mai wayar USB a jona da wata kwamfutar. Sai dai sababbin laftof da yawa suna zuwa da rumbu a kulle da tsarin BitLocker, wanda ba ya buɗuwa sai da mabuɗi mai lambobi 48, kuma galibi yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Ku tambayi mai ita tun yau ko ya san imel da kalmar sirrin wannan asusu. Idan kuma an riga an yi fomatin bisa kuskure, a daina amfani da kwamfutar nan take, don duk sabon abin da aka zuba yana hawa ne a kan tsohon da ake fatan cetowa.

In har ta kai ga zuwa shago, ku raka Baba ko Yaya, ku tafi da takardar da kuka rubuta abin da kuka gani: fitila ta kama ko ba ta kama ba, ƙara nawa ta yi, me ta rubuta, me ya faru daf da ta tsaya, me kuka riga kuka gwada. Ku ce wa mai gyaran cikin ladabi, “Malam, don Allah akwai muhimman kaya a ciki, kada a yi fomatin sai an kwashe su, kuma a kira mu kafin a sauya wani abu.” Ku rubuta girman ram da na rumbu kafin ku bar ta, kuma duk sashen da aka ce ya lalace aka sauya, ku nemi a ba ku tsohon ku tafi da shi gida.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake haɗa filash ɗin ceto da na ambata, mataki-mataki. Mai son bin mu a aikace ya tanadi filash mai gigabait 8 wanda babu komai a cikinsa.